Hukuncin Ƙyamar Wata Ƙabila Da Mutum Ya Tashi Da Ita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Tun ina yaro, idan na yi wa wata ƙabila ba'a sai manya su fashe da dariya suna cewa yaron nan akwai wayo. Da na girma wani daga cikinsu ya cuce ni a ciniki, abin ya ƙara zauna mini. Yanzu ni ke ɗaukar ma'aikata a wurinmu, kuma da na ga sunan ɗayansu sai zuciyata ta ja baya. Ina da zunubi, alhali koya mini aka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, damuwar da abin ya sa maka alama ce ta alheri.

Ba a haife ka da wannan ƙyama ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyaye ne ke karkatar da shi. Dariyar nan ta manya lada ce aka biya ka, kuma rai yana maimaita abin da ya samu yabo a kansa har ya zama masa ɗabi'a. Masana halayyar ɗan Adam ma sun ga haka. A shekarar 1954, a jihar Oklahoma ta Amurka, wani masani mai suna Muzafer Sherif ya raba yara maza 22 gida biyu, ya sa musu gasa da kyaututtuka ga wanda ya ci. Cikin kwanaki kaɗan aka fara zage-zage, har wani ɓangare ya ƙona tutar ɗaya. Yaran nan ba su gaji wata gaba ba, kyauta ce kawai ta shiga tsakaninsu.

To, ga hukuncin. Ja da bayan da zuciyarka ke yi ba da zaɓinka ba, ba a rubuta maka shi zunubi, domin Annabi (SAW) ya ce Allah ya yafe wa al'ummarsa abin da zukatansu suka raya muddin ba su aikata ko sun furta ba. Amma ranar da ka ajiye takardar mutum gefe saboda sunansa, alhali ya fi cancanta, ka ci amana kuma ka yi zalunci, kuma wannan haramun ne. Cewa koya maka aka yi ba zai zama uzuri ba bayan ka balaga ka gane. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙin wasu mutane ya sa mu ƙi yin adalci. Ka lura, ayar ta san akwai ƙin, amma ba ta ba shi izinin taɓa hukunci ba.

Batun wanda ya cuce ka kuwa, tambayi kanka: ba a taɓa samun naka ya cuce ka ba? Shi ka ce wane ba shi da kirki, ka tsaya nan. Wancan kuwa ka ɗora laifinsa kan dubban mutanen da ba su san an yi ba, alhali Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Haƙƙinka yana wuyan mutum ɗaya ne.

Neman magani wajibi ne a kanka tunda amanar mutane tana hannunka. Rubuta sharuɗɗan aikin kafin ka duba sunaye, idan ya yiwu wani ya rufe maka sunayen. Sannan ka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da su. Yaran Sherif ba su shirya don an zaunar da su cin abinci tare ba, sai da motar kawo abincinsu ta ƙi tashi suka haɗu suka ja ta da igiya. Ausu da Khazraj, ƙabilu biyu na Madina, su ma sun yi shekaru suna yaƙi, sallah da sahu ɗaya suka mai da su 'yan'uwa. Duk da haka, da wani Muhajiri da wani Ba'ansare suka yi saɓani kowa ya kira nasa, Annabi (SAW) ya ce a bar wannan kira, domin mai wari ne.

Idan kuma ɗanka ya yi irin ba'ar da ka yi kana yaro, kada ka yi dariya. Dariyar babba a nan koyarwa ce, yana da kaso a zunubin abin da zai biyo baya.

Wallahu a'alam.