Tambaya da Amsa: Ina Amfanin Tsohon Irin Shinkafa?

Tambaya: Tun da masana sun samar da ingantaccen irin shinkafa mai yawan amfani, mene ne dalilin kashe kuɗi wajen adana tsofaffin iri da shinkafar daji, waɗanda ba sa ba da abin kirki?

Amsa: Ingantaccen irin da kake magana a kai daga jikin tsofaffin aka fitar da shi. Masanin iri yakan nemo halin da yake so a jikin wata shinkafa, ya aurar da ita ga wata, sannan ya shafe shekaru yana zaɓe cikin 'ya'ya da jikoki.

A da, idan aka ba doguwar shinkafa taki sosai, sai zangarniya ta fi ƙarfin kara, shuka ta kwanta ƙasa. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke ƙasar Filifin, ta haɗa Peta, doguwar shinkafar Indonesiya, da wata gajeruwa daga Taiwan, aka sami IR8 a 1966, mai gajeren kara da ke ɗaukar taki ba ta faɗi ba.

Sai dai idan manoman yanki guda suka koma shuka iri ɗaya, cutar da ta kama gona ɗaya za ta iya kama duka. Lokacin da wata cuta mai tsumburar da shuka, wadda ƙwaro mai tsotson ruwan kara yake yaɗawa, ta addabi gonakin Asiya, an gwada dubban iri kafin a sami mai jure mata, kuma a jikin wata shinkafar daji ta Indiya, Oryza nivara, aka samu, wadda manomi zai iya ɗauka ciyawa ce ya nome. Wannan halin yana cikin ingantaccen irin shinkafa IR36 da aka fitar a 1976.

Haka kuma Monty Jones, ɗan Saliyo, ya aurar da shinkafar Asiya mai yawan ƙwaya ga ta Afirka mai jure wahala, duk da cewa 'ya'yan irin wannan haɗi galibi ba sa yin ƙwaya, har aka sami NERICA, wato sabon irin shinkafa don Afirka, aikin da ya jawo masa lambar yabo ta abinci ta duniya a 2004.

A yau rumbun IRRI yana riƙe da samfurin shinkafa sama da 130,000 a ɗakunan sanyi, kuma lokaci zuwa lokaci ana sake shuka su don kada ƙwayar ta mutu.