Ƙanena ɗan dambe ya karya wa mutum muƙamuƙi, ya amsa laifi ne mu huta?

Tambaya: Barista, ƙanena ɗan damben boksin ne, ana shirin fita da shi gasa ƙasar waje. Cacar baki ta haɗa shi da wani a tashar mota, ya kai masa naushi ɗaya, muƙamuƙin mutumin ya karye. Yanzu yana hannun 'yan sanda. Wasu na ba mu shawara ya amsa laifi a ci shi tara a wuce wurin.

Amsa: Malam, Allah ya kawo sauƙi, ya ba wanda ya ji rauni lafiya. Kada ƙanenka ya amsa komai, kada ya sa hannu a kowace takarda, sai ya ga lauya. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba shi wannan 'yancin, ya kuma wajabta a kai shi kotu cikin awa 24 in akwai kotu kusa, ko awa 48 in babu. Belin caji ofis kyauta ne.

A dokar final kod, wato kundin hukunta laifuka na jihohin Arewacin Najeriya, karya ƙashi ko haƙori rauni ne mai tsanani, hukuncinsa kan kai shekarun ɗauri, ba lallai a tsaya a tara ba. Naushin da ke halal a filin dambe, saboda kowa ya shiga da yardarsa kuma akwai alƙalin wasa, laifi ne a tasha. Mai gabatar da ƙara kuwa zai ce ƙwararre ne, ya san nauyin hannunsa.

Abin da ya fi damuna shi ne tabon da hukunci ke bari. Dubi Mike Tyson na Amurka. A 1986, yana ɗan shekara 20, ya doke Trevor Berbick ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa riƙe kambun duniya na ajin masu nauyi. A 1992 kotu a jihar Indiyana ta same shi da laifin fyaɗe, ta yanke masa shekara 6, ya yi kusan 3 ya fito a 1995. Da ya ciji kunnen Evander Holyfield a 1997, hukumar wasanni ta Nevada ta soke lasisinsa ta ci shi tarar dala miliyan 3, ba tare da an je kotu ba. A 1999 ya sake komawa gidan yari saboda dukan wasu mutum biyu bayan hatsarin mota. Har 2012, shekara 20 bayan hukuncin farko, New Zealand ta soke masa biza saboda wannan hukuncin, Birtaniya ma ta hana shi shiga a 2013. Laifin ƙanenka bai kai na Tyson muni ba, amma takardar neman biza tana tambaya ko kotu ta taɓa samun mutum da laifi, kuma wanda ya biya tara ma an same shi da laifi.

Hanyar da na fi so ita ce sulhu. Ku sa dattawa ku je ku duba majinyacin, ku ɗauki kuɗin magani, ku adana rasit. In an daidaita, a rubuta, lauya ya kai gaban alƙali, don akwai laifukan da ba a janye su sai da izinin kotu. In gaban kotun shari'ar Musulunci aka kai shi, maganar diyya ko yafiya za ta taso, mai rauni ke da babbar murya a ciki.

In kuwa mutumin ne ya fara kai hari, akwai hujjar kare kai, matuƙar ƙarfin da aka yi amfani da shi bai wuce kima ba. Tsokana tana rage hukunci ne kawai, ba ta wanke mutum. Don haka ku nemi shaidun da ke tashar tun yau, da duk wanda ya ɗauki bidiyo a waya, kafin su watse. In kuɗin lauya ya gagara, ku je ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa da ke babban birnin jiharku, suna kare marasa hali kyauta.