Kukan sitiyari: a gano mai laifi kafin a taɓa jari

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya. Yana da tsohuwar mota da yake kai wa abokan cinikinsa kaya da ita. Kwanan nan sitiyarin ya fara kuka duk lokacin da ya karya kwana, bakanike kuma ya ce a sauya famfon sitiyarin gaba ɗaya, kuɗin kuwa sai an yagi jari. Ya biya ne, ko ya ci gaba da lallaɓawa, ko ya rabu da motar?

Malam, kada ka biya tukuna, kuma kada ka lallaɓa. Famfo shi ke yin kukan, amma sau da yawa ba shi ne mai laifin ba. Aikinsa tura man sitiyari da ƙarfi zuwa rak, wato ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, kuma wannan man ne ke sanyaya famfon. Da zarar man ya yi masa kaɗan, ko ya haɗu da iska, sai ya fara kuka. In aka sa sabo ba a gyara sanadin ba, shi ma kukan zai yi, ka biya sau biyu ke nan.

Ka fara da kunnenka, wannan kyauta ne. Kukan da ke ƙaruwa idan ka taka totur, maganar mai ce ko iska. Tsuwa mai kaifi da safe, ko idan sitiyari ya kai ƙarshe, bel ne ke sulɓi. Motar a kashe, ka danna tsakiyar bel ɗin da babban yatsa. In ya lotsa fiye da kamar santimita 1, ko ya yi santsi yana sheƙi, a ɗaure shi ko a sauya. Ƙwanƙwasa kuwa, irin ta "ƙwas-ƙwas" a kan gargada, ba ruwan famfo: a duba tayi-rod, bol-join da robobin da ke riƙe rak. Wannan kada a jinkirta shi ko na kwana ɗaya, domin shi ke riƙe da taya.

Daga nan sai robar mai, wato inda ake zuba man sitiyari. Buɗe murfin ka duba ko man yana tsakanin layukan biyu. Sai a tayar da inji, ka leƙa da fitila. In ka ga kumfa a sama kamar ta sabulu, iska ce ke shiga, kuma nan ne aka fi yaudarar masu mota. Tiyon da ke kai mai daga roba zuwa famfo zuƙa yake yi, ba turawa ba, don haka idan ya tsufa ya ƙandare, ko kilif ɗinsa ya saki, iska yake sha ba tare da ɗigo ɗaya ya zuba ƙasa ba. Haka ƙaramar robar zobe da ke bakin famfon; tsofaffin Honda sun yi suna da wannan. Ita ce mafi arha a cikin kayan sitiyari duka, amma saboda ita an sha jefar da famfo mai lafiya. Akwai kuma rariya a gindin robar man. In datti ya toshe ta, famfo ba ya samun isasshen mai ko da robar a cike take. A wanke ta ko a sauya robar.

Idan man yana raguwa, to yoyo yake. A matsa robar da ke rufe bakin rak ta kowane gefe. In mai ya taru a ciki, sil ɗin rak, wato robar da ke hana mai yoyo, ya tafi.

Man da ya yi baƙi yana warin ƙuna a zubar da shi. Yawancin motoci kamar lita 1 suke sha, amma ka tanadi lita 2 don a ɗauraye. Abin da aka rubuta a murfi ko a littafin motar shi za a zuba. Toyota da yawa man giya na Dexron suke sha, Honda nata daban ne, wasu motocin Jamus kuma koren mai ne, CHF 11S. Man burki kuwa ko kusa, yana lalata sil duka.

Bayan kowane gyara dole a fitar da iska. A ɗaga tayoyin gaba da jak, inji a kashe, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali sau 15 zuwa 20, ana ƙara mai. Sannan a tayar a maimaita har kumfa ta ɓace. Kada a danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5.

Yaushe famfon ya mutu da gaske? Ɗebo man ka shafa a farar takarda ka kai rana. In kana ganin ƙyalli na garin ƙarfe, ko sitiyari yana nauyi idan mota na tsaye ya saki idan ka taka totur, alhali an kawar da duk abubuwan can, to bakanikenka ya yi gaskiya. A nan ka biya, domin famfon da aka bari yana ci zai aika garin ƙarfen cikin rak, wanda ya fi shi tsada. In na hannu za ka saya, ka yi sharaɗin mayarwa na kwanaki sanannu, a rubuce. A ɗauraye tiyo da roba kafin a ɗaura shi, kuma ka karɓi tsohon a hannunka.

Ka raba wa bakanike kuɗin bincike da kuɗin aiki, ka sa ranar gyara a ranar da ba ka da kayan kaiwa, kuɗin kuma ya fito daga riba.

Batun sayarwa, ban goyi baya ba matuƙar inji da giya lafiya suke. Mai saye zai ji kukan tun a kwanar farko, kuma kuɗin famfo da rak zai zaftare maka, ko da laifin na tiyo ne.