Filin Tambaya da Amsa: Kalmar "charge" da Ma'anoninta a Cikin Jimla

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida na sakandare a Tudun Wada, Kaduna. Abin da na sani game da kalmar "charge" shi ne cajin waya, sai ga shi a darasin auna fahimta na ci karo da jimlar "He was charged with theft", na rasa inda ta dosa. Da na buɗe ƙamus sai na tarar da jerin ma'anoni masu yawa. Ta yaya zan gane wadda ake nufi, har ni ma in iya gina jimla da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada yawan ma'anonin ya karya miki gwiwa, domin harshenki na gado ma haka yake. Dubi kalmar "ci": ana cin tuwo, ana cin jarrabawa, ana cin bashi, ana cin amana, ana cin kasuwa, kuma ba ki taɓa rikicewa ba, saboda kalmar da ke kusa da ita ce take faɗa miki abin da ake nufi. Turanci ya yi nisa a wannan hali, har babban ƙamus na Oxford, bugun 1989, ya lissafa ma'anoni 430 ga aikatau "set" shi kaɗai.

Asalin "charge" daga tsohon Faransanci ne, kuma ma'anarta ta farko ita ce ɗora kaya, kamar yadda ake loda wa amalanke. Idan kin riƙe wannan, yawancin ma'anonin za su daidaita a zuciyarki, domin mu ma muna cewa an ɗora wa mutum laifi, an ɗora masa nauyi, an ɗora wa kaya kuɗi. Wayar da kike jona wa caja ita ma lodin wuta ake yi wa batirinta, shi ya sa ake cewa "I want to charge my phone".

Abin da zai fi taimaka miki shi ne lura da ƙaramar kalmar da ke biye da ita. Idan "with" ce ta biyo, kuma aka ambaci laifi, to tuhuma ake nufi, saboda haka jimlarki tana cewa an tuhume shi da sata. Daga wannan ma'ana ce Hausa ta samo "caji ofis", wato inda 'yan sanda suke rubuta tuhuma. Ki lura cewa tuhuma ba hukunci ba ce. Wanda aka tuhuma yana iya fita, kotu ta wanke shi, don haka kuskure ne a fassara jimlar da cewa an same shi da laifi.

Idan kuwa "for" ce tare da adadin kuɗi, maganar farashi ce. Mai gyaran waya a Kasuwar Barci da ya karɓi naira 2,000 ya canza miki gilashi, za ki ce "He charged me two thousand naira for the screen". Abin da aka bayar kyauta shi ne "free of charge". Akwai kuma "at", kamar "The bull charged at the boy", wato sa ya taso wa yaron gadan-gadan.

Inda na fi ganin ɗalibai suna zamewa, kuma ina so ki tsaya a kansa sosai, shi ne bambancin "in charge of" da "in the charge of". Idan aka ce "The nurse is in charge of the children", ma'aikaciyar jinyar ce aka ɗora wa nauyin kula da yaran. Idan aka ce "The children are in the charge of the nurse", yaran ne suke hannunta. Labarin ɗaya ne, amma "the" ta sauya wanda ya kamata ya zo a farkon jimla. Wanda ya manta da ita ya rubuta "The children are in charge of the nurse" ya mayar da yaran shugabanni, ita kuma ta koma ƙarƙashin kulawarsu, kuma na sha ganin wannan a takardun ɗalibai masu ƙoƙari.

Wannan ya shafi jarrabawar da ke gabanki kai tsaye. A takardar Turanci ta WAEC ana ciro kalmomi daga cikin labari a ce ki kawo wadda za ta maye gurbin kowace kamar yadda aka yi amfani da ita a wurin. A jimlarki "accused" ce ta dace, sai dai ita da "of" take tafiya, a ce "accused of theft". Kafin ki rubuta amsa, ki mayar da kalmar da kika zaɓa cikin jimlar ki karanta a zuci. Idan jimlar ta tsaya daidai da siga da lokaci, ki rubuta.

Shawarata ita ce ki ware shafi guda a littafinki ga "charge", duk jimlar da kika gani a jarida ko kika ji a labaran rediyo ki kwafe ta cikakkiya, ki ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta biyo bayan "charge". Idan shafin ya cika, ki buɗe wani ga "run", sannan ga "bear".