Tambaya da Amsa: Da gaske tsofaffin injinan wanke-wanke sun fi na yanzu wanke kwano?

Wannan makon tambayoyin waya da kwamfuta za su ɗan dakata, domin saƙonni biyu sun shigo a kan injin wanke-wanke, kuma na ga amsar ɗaya tana taimakon ɗaya.

Tambaya: Malam, ni mai gyaran firiji da injin wanki ne a Kano. Na ga bidiyon wani injin wanke-wanke na Amurka da ya haura shekara 40, ya gama aiki cikin ƙasa da awa ɗaya, kwanuka sun fito tas. Na yanzu kuwa sai ya shafe awa biyu. Aikin da ne ya fi inganci?

Amsa: Malam, idonka bai yaudare ka ba. Tsohon inji yana wanki ne da ƙarfi, na yanzu kuma da lokaci. Injinan da aka ƙera a Amurka kafin 1994 kan sha lita 40 zuwa sama da 50 a wanki ɗaya, wato kusan jarka biyu. Daga 2013 dokar ƙasar ta taƙaita ruwan zuwa galan 5, kimanin lita 19, na Turai kuma da yawa lita 10 ta ishe su. Tsohon yana cika ruwa, ya watsa da ƙarfi, ya zubar, ya sake ɗibar sabo sau da dama. Sabon kuwa ɗan ruwan nan yake tacewa ya yi ta juya shi.

Sai batun sabulu, wanda masu bidiyon ba su cika ambata ba. Garin sabulun da yana ɗauke da sinadarin fosfet, mai tausasa ruwa ya hana datti komawa jikin kwano. A 2010 aka cire shi daga sabulun gida a Amurka saboda yana haifar da gansakuka a tafkuna, Tarayyar Turai ta taƙaita shi a 2017. Sabulun yanzu ya dogara da sinadarai masu narkar da sitaci da furotin a hankali, kamar jiƙo. In ka zuba shi a injin da ke sallamar ruwansa bayan 'yan mintuna, kafin ya fara aiki an zubar da shi.

Kuma ba kowane tsohon inji ne gwani ba. Yawancin na shekarun 1950 ta sama ake buɗe su kamar tukunya, a gindinsu akwai farfela guda da ke fesa ruwa sama. Mobile Maid na kamfanin GE haka yake, ga tayoyi, a gungura shi bakin famfo a jona masa tiyo. Matsalar farfela ita ce ruwanta daga wuri ɗaya yake tasowa. Faranti ɗaya ya tare hanya, duk abin da ke bayansa ya fito da maiƙonsa; ƙaramin kofi ya kife, ka same shi cike da ruwan datti. Shi ya sa jera kwanuka a ciki sai wanda ya iya. Kamfanin Thor ma ya yi wani mai suna Automagic a shekarun 1940, inji ɗaya mai wanke tufafi da kwanuka: a cire tukunyar tufafi a ɗora ta kwanuka. Dabarar ba ta ɗore ba.

Wanda ya cancanci yabon shi ne KitchenAid na zamanin Hobart, kamfanin da ya saba ƙera injinan otal-otal kafin ya fito da na gida a 1949. Asalin sana'ar ma daga hannun mace ta fito, Josephine Cochrane ta jihar Ilinoi, wadda ta yi rajistar ƙirarta a 1886, ta nuna ta a baje kolin Shikago na 1893, kuma kamfaninta ne ya koma hannun Hobart a 1926. A injin KitchenAid ɗin, maimakon farfela sun sa hannu mai huda-huda da ke juyawa a ƙarƙashin kwanuka, ruwa ya riski kowane lungu. Cikinsa ƙarfe ne mai fenti irin na kwanon samira. Abin da zai burge ka a matsayinka na mai gyara shi ne babu fanel, wato allon lantarki irin na kwamfuta, ko ɗaya. Ƙwaƙwalwarsa wani ɗan agogo ne mai haƙora, yana juyawa yana taɓa maɓallai ɗaya bayan ɗaya, kana jin ƙas-ƙas ɗinsa daga waje. Da mita da sukudireba za ka gano ciwonsa. Amma agogon nan bai san ko kwano ya fita ko bai fita ba, lokaci ya cika ya wuce. Na yanzu akwai ɗan idon da ke auna gurɓatar ruwa ya ƙara ko ya rage lokaci.

Tambaya: An yi mini tayin irin wannan tsohon inji na Amurka a kayan gwanjo, da araha. In saya?

Amsa: Hajiya, ni dai ban ba ki shawarar saye ba. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, don haka sai kin nemi babbar taransifomar rage wuta. Ko kin samu, akwai abin da ba ta gyarawa: wutarsu tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Agogon injin da bugun wuta yake ƙirga lokaci, wankin minti 60 zai koma 72, injin tura ruwan kuma ya rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, ya riƙa ɗaukar zafi. Ƙarfin watsa ruwan da aka san shi da shi ke nan ya tafi.

Bayan haka, an ƙera shi ne a jona shi da bututun ruwan zafi na gida, mai zafin digiri 50 zuwa 60. Da ruwan sanyi maiƙon miya daskarewa zai yi. Da yawansu kuma da lokaci suke ɗibar ruwa, to in tankin gidanki ba shi da tsayi sosai, ƙofar ruwan za ta rufe bai cika ba. Ga robobin ƙofa da suka bushe, ga fentin ciki da in ya ɓare sai tsatsa ta huda shi, kayan gyara kuma ba a kusa suke ba.

In kina da buƙatar injin, nemi na Turai, irin su Bosch ko Miele: wutarsu ɗaya da tamu, kuma da kansa yake dafa ruwansa. Ki sani dai hitarsa tana jan kusan wat 2,000, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Ki tabbata mai haɗa wuta ya sa masa wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa, domin ruwa da ƙarfe da lantarki ne a wuri ɗaya.

Ko wanne kika saya, ƙanzon tukunyar tuwo sai an jiƙa an kankare da hannu. Tukunyar dalma baƙi take yi saboda kaifin sabulun, muciya da ƙwarya da akushi kuwa zafi tsaga su yake yi. Kada kuma a kuskura a zuba sabulun wanke-wanke na hannu ko omo. Kumfa za ta cika injin, ta hana shi tura ruwa, ta biyo ƙarƙashin ƙofa ta malale kicin.