Na biya wa ƙanena kuɗin gyaran mota: bashi ne, kyauta ce, ko zakka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana da mata da yara biyu ƙanana. Injin motarsa ya buga, ga bashin haya a kansa. Na je gareji na biya bakanike, ban ce masa bashi ne ba, ban kuma ce kyauta ce ba. Kafin a gama gyaran kawunmu ya ara masa tasa motar, sai giyarta ta samu matsala a hannunsa. Yanzu ni ma na shiga matsi. Zan iya neman kuɗina? In ba haka ba, zan iya lissafa su cikin zakkata? Kuma wa zai gyara motar kawu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya saka maka da alheri, ɗan'uwa. Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito daga Salmanu bin Amir cewa sadaka ga miskini lada ɗaya ce, ga ɗan'uwa na jini kuwa biyu ce: sadaka da sada zumunci.

Matsalarka ta taso ne daga shirun da ka yi ran da kake miƙa kuɗin. Kunya ta hana ka magana, shi ma ta hana shi tambaya, kowa ya tafi da tasa fahimta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi, kuma ba ta ware 'yan'uwa ba. Ni a ganina ma su suka fi buƙatarta, don bare in kun saɓa kowa ya kama gabansa, amma ƙani kullum kuna haɗuwa a gaban mahaifiya.

To yanzu hukuncin yana komawa ga niyyarka a wannan rana, kuma kai da Allah kaɗai kuka san ta. Idan kyauta ka nufa, ta riga ta fita daga hannunka. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi (SAW) ya kamanta mai komawa kan kyautarsa da kare mai komawa kan amansa. Iyaye ne aka ba damar karɓe kyautar da suka yi wa 'ya'yansu, da sharuɗɗa. Yaya ba ya cikin wannan rangwame. Idan kuwa rance ka nufa, haƙƙinka ne. Ka kira shi gefe, ba a gaban matarsa ba, ka faɗa masa, ku rubuta, ku tsara biya kaɗan-kaɗan. In ba shi da hali, aya ta 280 ta wajabta maka jinkirta masa har ya samu yalwa, ta kuma ce yafewa ta fi alheri. Kada ka sharɗanta ƙari, ko da na hidima ne, kamar ya riƙa kai 'ya'yanka makaranta da motar saboda bashin. Rancen da aka gindaya wa amfani riba ne.

Game da zakka, a'a. Zakka ibada ce mai buƙatar niyya lokacin fitarwa, ba a ɗaura mata niyya bayan kuɗi sun daɗe da shiga aljihun bakanike. Yafe bashi da sunan zakka ma bai isarwa a wurin mafi yawan malamai, don kare dukiyarka ka yi, ba fitar da ita ba. Amma zakkar da za ka fitar nan gaba halal ce gare shi, ta ma fi lada, tunda ciyar da ƙani bai wajaba a kanka ba a mazhabar Malikiyya. Yana iya shiga cikin matalauta ko masu bashi, biyu daga cikin kashi 8 na aya ta 60 a Suratut Tauba. Wasu kan ce, "mai mota ai ba talaka ba ne." Malamai ba su hana zakka ga mai gida da abin hawan da yake buƙata ba, muddin abin da yake samu bai isarsa. Sai dai kada ka ba shi da sharaɗin ya dawo maka da ita a matsayin biyan bashinka.

Motar kawu kuwa aro ce. A Malikiyya, abin da ba ya ɓoyuwa, irin dabbar hawa, ba a ɗora wa mai aro ramuwarsa sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyakar da aka ba shi, kuma mota tana cikin wannan rukuni. Shafi'iyya suna ɗora masa ramuwar abin aro, amma su ma sun cire lalacewar da amfanin da aka yi izini ya jawo. Don haka ku tambayi bakanike mai amana. In tsufa ne ya ci giyar, gyara na kawu ne. In ƙaninka ya ji ƙara, ya ga mai na ɗiga, ya ci gaba da tuƙi, ko ya yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, nasa ne. In kuma ya samu hali ya gyara don raɗin kansa, ya kyauta: Muslim ya ruwaito daga Abu Rafi'u cewa Annabi (SAW) ya ranci ɗan raƙumi, ya biya da wanda ya fi shi.

Kowace ce niyyarka, kada maganar gyaran nan ta zama abin gori ran da kuka saɓa; aya ta 264 a Suratul Baƙara ta ce gori yana ɓata sadaka. Wallahu a'alam.