Kawu, ga abin da ya sa muke zuwa taron jam'iyya a Kanada

Kawu, gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, da Inna da sauran iyali. Ranar da muka yi waya ka ji zan fita taron jam'iyya, ka ce me ya haɗa baƙo da siyasar ƙasar mutane. Ka kuma ce ka ji wai a nan minista kan ajiye muƙaminsa na tarayya ya koma lardi, abin ya ɗaure maka kai. Labarin mutum ɗaya zai amsa maka duka biyun.

Sunansa Jason Kenney. A 1997 ya fara shiga majalisar tarayya daga nan birnin Kalgari da ke lardin Alberta. Daga 2008 zuwa 2013 shi ne ministan shige da fice a gwamnatin Firaminista Stephen Harper, wato takardun duk mai neman zama a ƙasar suna ƙarƙashin ma'aikatarsa. An san shi da yawan halartar bukukuwan baƙi. Amma shi ne kuma a 2011 ya hana mace yin rantsuwar zama ’yar ƙasa da niƙabi a fuskarta. Wata baiwar Allah ’yar asalin Pakistan, Zunera Ishaq, ta kai ƙara kotu ta yi nasara, ta yi rantsuwarta da niƙabinta a 2015. A wannan shekarar jam'iyyar su Kenney ta faɗi zaɓe. Matanmu na nan ba su manta da wannan ba, ni ma ban manta ba.

A 2016 ya sauka daga kujerarsa ta tarayya ya dawo Alberta. A idon mutumin gida wannan faɗuwa ce, don a wurinmu gwamna ne ke gamawa ya nufi majalisar dattawa. Nan ba haka ba ne. Asibiti da makarantar yara da albarkatun ƙasa, har man fetur ɗin da Alberta ke taƙama da shi, duk a hannun lardi suke. Shugaban lardi, wanda ake kira firimiya, ba a zaɓarsa kai tsaye kamar gwamna. Shugaban jam'iyyar da ta fi kujeru a majalisa ne ke hawa. Kenney ya haɗe jam'iyyu biyu na masu ra'ayin riƙau a 2017, ya kayar da firimiyar lokacin, Rachel Notley, a zaɓen 2019. Cikin ministocinsa akwai ɗan Najeriya, Kaycee Madu, wanda ya riƙe ma'aikatar shari'a a 2020.

To, wa ya sauke shi? Ba ’yan adawa ba ne, Kawu. A 2022 masu riƙe da katin jam'iyyarsa suka kaɗa ƙuri'a a kan shugabancinsa, ya samu kashi 51.4 cikin ɗari. A lissafi ya ci, amma a daren ya ce zai sauka, Danielle Smith ta gaje shi.

Wannan katin shi ya sa ka ji ina fita. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma a wasu jam'iyyun ko wanda bai zama ɗan ƙasa ba, in yana da takardar zama ta dindindin, yana iya yanka. Mu Hausawa ba mu da yawa a nan, in an ƙirga mu da sauran Musulmi ne ake ganinmu. Idan ɗan takara ya zo masallaci bayan Juma'a, ko ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba ma tambayarsa kuɗi, shi ma bai isa ya bayar ba. Mukan tambaye shi likitan iyali da ake daɗe ana jira, da takardun karatun injiniyanmu da ya koma tuƙin mota, da wurin binne mamatanmu.

A gaida Inna, a ce mata yajin ya iso.